Yatsan da Na Ƙi Dangwalawa

Zuwa ga 'yata Sriyalata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Wijepala da jikata Hasanti. Yaya ciwon bayanki? Ni ƙalau nake, sai dai gwiwa. Karuna mai ɗinki ce take rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Na san mijinki ya riga ni kawo miki labari, amma ki ji nawa. Da ya zo mini da sabon zane na san da magana. Ya ce wai a can wajenku Maharagama, gundumar Kolombo, yara sun yi yawa, kowa da malamin darasinsa na yamma, sai yaro ya ci maki na fitar hankali kafin jami'ar gwamnati ta kalle shi. Mu kuma nan Monaragala, da yake makarantunmu ba malamai, an sassauta wa yaranmu. To wai a sa sunan Hasanti a makarantar ƙauyenmu, ita tana can wajenku tana karatu, ranar jarrabawa ta zo ta rubuta a nan. Ni nawa kaɗan ne, in je gaban jami'in ƙauye in dangwala yatsa cewa a gidana take zaune.

Na je, 'yata. Har na zauna a benci, kin san ni da tsoron ofis. Sai ga maƙwabciyata Somawati ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Yaya Dingiri, kin ji Nilmini tawa? Wai jami'a take so, 'yar mai tatsar bauna! An ce kujerun gundumarmu kaɗan ne, amma in ta dage za ta samu." Yarinyar nan kullum ta hanyar giwaye take bi zuwa makaranta.

Da aka kira ni, jami'in ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Inna, jikar taki a wane ɗaki take kwana?" Ni da ɗaki ɗaya gare ni! Sai ji na yi na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta taɓa kwana biyu a jere ba, sauro ke korarta." Na cusa hannuna cikin zane.

A waje mijinki ya ce, "Inna, kowa fa yi yake! Kin kashe wa yarinya gaba." Ko shayi bai tsaya sha ba.

Kada ki yi fushi da ni. Jikata tana da kai, ni na sani. Albarkar Buddha ta tsare ku.

Mahaifiyarki,
Dingiri Menike

Zuwa ga 'yata Sriyalata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Da fatan ruwan bana bai shiga muku ɗaki ba. Yau matar gidan waya ce ke rubutawa, Karuna ta haihu.

Tun waccan magana wasiƙunki suka gajarce, daga "muna lafiya" sai suna. Sabuwar shekara ta zo ta sake zuwa, ba ku taka nan ba. Ban yi ƙorafi ba. Amma a ce sakamakon jikata a bakin kwandastan bas zan ji?

Ya ce kaɗan ya hana ta shiga. Ya ce makin nata, da a nan ta rubuta, da ta wuce har da saura. Matar gidan waya ta ce haka ne. Da na ji, a bakin titi na zauna.

Nilmini ta samu, da makin da bai kai na Hasanti ba. Somawati ta kawo mini shinkafar madarar kwakwa tana kuka tana dariya, ta ce, "Ci, Yaya, ƙauyenmu ya fitar da ɗalibar jami'a!" Na cinye tas, don yarinyar ba ta ɗauki na kowa ba.

Ina jin tsoro, Sriya. An ce za a iya sake rubutawa, amma idan zuciyarta ta karye fa? Idan ta ƙare a masaƙa tana ɗinka wuyan riga, duk ranar da ta tuna da ni me za ta ce? Na yi alkawarin fasa kwakwa a haikalin Kataragama. Ga tukunyar kindirmo na ba kwandasta, nata ne, kada ubanta ya shanye.

Ki rubuto ko da zagi ne.

Mahaifiyarki,
Dingiri Menike

Zuwa ga 'yata Sriyalata, uwar likita,

Gaisuwa da murna! Yaya gida, yaya baƙi masu zuwa barka? Karuna ce ta dawo, yaronta a cinya, in kin ga rubutu ya karkace shi ne.

Ina shanya barkono sai na ji an ce, "Tsohuwa mai taurin kai, ba ki mutu ba?" Na ɗaga kai, ga Hasanti, ta rame kamar sanda. Ta ce, "Jami'ar Peradeniya, Kaka. Likitancin dabbobi. Da makin Kolombo, ba ragi." Na ce, "Duk wahalar nan ashe duburar saniya za ki riƙa leƙawa?" Ta ce, "Da ke zan fara." Daga nan ban san wa ya fara kuka ba.

Ban bar ta ta huta ba. Na ja ta gidan Somawati, na ja ta haikali, na ja ta shagon shayi inda mazan nan suke cewa na haukace. Na ce su dube ta da kyau. Har ofishin jami'in ƙauye na shiga, ni da ƙafata, ba wanda ya kira ni! Ya miƙe tsaye ya gaishe ta. Karuna tana dariya, wai in bar wannan. Ki rubuta, na ce.

Ta ba ni labarin shekarar nan, yadda take bin bas zuwa darasi a Nugegoda tana karatu a tsaye, yadda ke kike ajiye mata abinci ki koma gefe. Sannu, 'yata. Ke ma kin sha.

Da muka zauna na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Da kin sake faɗuwa fa?" Ta ce, "Da na tsane ki shekara guda, Kaka, sannan in sake rubutawa."

Ke ban tambaye ki ba, kuma ba zan tambaya ba. Ki dai zo, ke da Wijepala. Ki ce masa ba sai ya ce komai ba, ya zauna kawai in zuba masa abinci.

Albarkar Buddha ta tsare ku duka.

Mahaifiyarki, kakar likita,
Dingiri Menike