Marmaron da Eben Rusk Ya Ƙi Nunawa

Casper, Wyoming, Afrilu 1934

Zuwa ga Kakata Orpha,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Kwamitin tarihin garinmu zai kafa dutsen tunawa da mahaifinki, Eben Rusk, jagoran sojoji da ya buɗe hanyar yamma. Ana son kafa shi a bakin marmaron nan inda ya kai sojoji lokacin yaƙi da ƙabilun asalin ƙasar, kuma ba wanda ya san wurin sai ke. Ni ne sakatare, na riga na yi musu alkawari. Kada ki bari in ji kunya.

Jikanki mai biyayya,
Wendell

Wendell, sarkin alkawari,

Ina gaishe ka. Ashe kana raye! Na karanta wa kazata wasiƙarka, don ita ta rage mai saurarona tun da kare ya mutu. Da na zo kan "mai biyayya" sai da ta juya mini baya.

Jagora kuka ce? Ni uban da na sani bai taɓa nuna wa kowa hanya ba. Wani sabon fasto ya taɓa tsayawa ƙofarmu yana tambayar gidan maƙwabtanmu, ga hayaƙinsu nan ana hangowa. Baba ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma baƙo ne a nan." A gidan da ya gina da hannunsa fa! Inna ta jefe shi da ludayi. In zai fita kuma, sai ya ɗaura reshe da igiya a bayan sirdi, doki na tafe reshen na share sawu. Ku sassaƙa wannan a dutsenku, har da ludayin.

Allah ya shirye ka.
Kakarka

Kaka,

Ina gaisuwa. Don Allah ki bar wasa, mai sassaƙa ya fara aiki. In kin yarda zan zo da mota, in yi mako guda a wurinki, in gyara rufin nan da ke yoyo, sannan mu je marmaron tare.

Naki,
Wendell

Ja'irin yaro,

Gaisuwa. Mako guda! Lallai ka san inda ake taɓa tsohuwa. Ban kai ƙarshen wasiƙar ba na tashi na share ɗakin da ubanka ya girma a ciki. Sai na zauna na sake karantawa, na ga wutsiyar zancen.

To saurara. Baba yana saurayi doki ya kayar da shi a daji, ƙafa ta karye. Mutanen ƙabilar Cheyenne, 'yan asalin ƙasar nan, suka tsince shi, suka ɗora ƙafar, ya yi hunturu a tantinsu a bakin marmaron nan. Su suka koya masa karanta ƙasa: in ka ga a ƙasa layukan sandunan da dawakai ke jan kaya da su, to ba mayaƙa ba ne, gari ne ya tashi, da mata da yara. Bayan shekaru sojoji suka ɗauke shi aiki. Ya ga layukan a kan ƙanƙara, ya san me suke nufi, ya bi su, sojoji na biye da shi. A bakin marmaron sojojin suka buɗe wa mutanen Cheyenne ɗin wuta. Ya ce sun gaya masa magana kawai za a yi. Ko ya yarda da su ne, ko ya ga damar yarda, ban sani ba, shi ma ina jin bai sani ba.

Sau ɗaya ya kai ni wurin, na riga na yi aure. Na tsinci ɗan dutsen ado shuɗi a yashi, irin wanda ake ɗinka wa takalmin yaro. Ya karɓa daga hannuna ya mayar inda yake.

Ba zan nuna muku ba, Wendell. Amma ɗakin a share yake.

Kakarka da ke duban hanya

Oktoba

Wendell,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka amsa ba. Na gani a jarida kun kafa dutsen a gaban gidan waya. Ya yi daidai, can ba a kashe kowa ba.

Jaridar ce ma ta jawo mini baƙuwa, wata tsohuwa 'yar Cheyenne daga Montana, ɗanta ya tuƙo ta. Tana ƙarama aka gudu da ita daga marmaron, a can aka kashe uwarta. Ba ta taɓa burodin masarata ba, ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Na kai ta marmaron. A dawowa na ja reshe a bayanmu.

Rufin yana nan yana yoyo. Sawun hanyar gidana kuwa ban share shi ba.

Kakarka,
Orpha