Kifin da Na Ƙi Ci

Zuwa ga Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi. Ya jikin Kaka, ya mutanen gida, ya zafin Damagaram? Mu a Lyon, nan ƙasar Turawa, lafiya lau.

Inna, lakwal, wato makarantarmu, ta kai mu yawo teku a jirgin ruwa mai tafiya da iska, muna tsayawa tsibiri-tsibiri. A na ƙarshe wata tsohuwa, matar masunci, ta yi mana girki. Da ta ji ba na cin alade, sai ta soya mini kifi a kasko daban, ta kawo da kanta tana murmushi.

Na ce na ƙoshi, yadda kika koya mini, ina jiran ta sake tayi. Ashe nan ba a sakewa. Ta ɗauke farantin, na ji ta ce wa malamarmu a hankali, "Wataƙila ƙyamar hannuna take."

Kunya ta kama ni, kafin in yi mata bayani aka kira mu jirgi. Ko sunanta ban sani ba, Inna.

Ki sa ni a addu'a, ita ma ki sa ta. A gaida Kaka da Yaya Sani.

'Yarki,
Nana