Ranar da Baba Ya Ajiye Sandar Supap

Damagaram, Disamba 1959

Zuwa ga Yaya Tahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Abijan. Mu nan sai godiya. Inna ta warke daga ciwon ƙafa har tana zuwa kasuwa da kanta, gero kuma ya yi kyau a gonarmu ta Guna. Amma ba zan yi maka kwana-kwana ba, idon Baba ne ya sa na rubuto. Tun damina yake dushewa. Shi bai faɗa ba, mu ma muka yi shiru, muna tura masa kilé, wato sifana, kusa da hannu a gareji kamar ba da gangan ba.

Makon jiya Alhaji Suma'ila na Zango ya kawo tsohuwar motar da ya saya hannun wani Bature mai shirin komawa gida, tun da ana ta zancen mulkin kai. Ba ta da ƙarfin hawa ko tudun Birni, sai tari da hayaƙi. Muka cire kan injin, wato kilas, muka tarar supap, wato bawul ɗin injin, duk sun cinye, ba sa rufe bakinsu. Ka san halin Baba da gugar supap. Ni da na yi gemu a garejin nan bai taɓa barina na taɓa sandar nan mai roba a baki ba, wai hannuna na kirɓa sakwara ne. Ya zauna kan tabarmarsa, ya shafa man guga, yana murza sandar tsakanin tafukansa, yana ɗagawa yana saurare, har na ce a raina hannun dai yana nan.

Da ya gama, ya sa na kifa kilas ɗin bisa duwatsu, ya zuba kananzir a ramukan yadda ya saba, don a ga ko zai zurara. Alhaji yana tsaye da mutanensa. Baba ya sunkuya ya duba ƙasa, ya miƙe da fara'a ya ce a bushe take, ko ɗigo babu. Yaya, kananzir na zuba ta wuri biyu, har ya jiƙa masa takalmi. Kowa ya gani. Alhaji, don girman Baba, ya ce madalla.

Sai Baba ya tsaya, ina tsammanin sanyin kananzir ne ya ji a ƙafa. Ya kai hannu ƙarƙashi, ya shafo, ya sansana. Can ya tambaye ni, a hankali, tun yaushe muke kallonsa yana ɓarna muna ce masa madalla. Ya ba Alhaji haƙuri, ya laluba ya kamo hannuna ya danƙa mini sandar, ya shiga gida. Na sake gugar, motar ta tashi tana ta yawo a gari, amma wallahi ban ji daɗin aikin ba ko kaɗan.

Tun ranar bai leƙo gareji ba. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe shi, ganin da ya rage ba zai kai baɗi ba. Da na ce zan rubuto maka, na zaci zai hana. Sai ya ce in gaya maka kada ka aiko masa da komai, ka zo da kanka tun yana iya rabe fuskarka da tawa.

Inna tana gaishe ka, da Gwaggo Fanta da Kawu Sallau. Ka gaishe da matarka Wasila da yara. Allah ya sada mu da alheri, ya kuma kawo ka da wuri.

Naka ƙane,
Alkasum