Ƙarfen Bakin Bindigar Baba Traugott

Berseba

Zuwa ga ɗana Eliaser,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da matarka da jikokina kuna lafiya a Windhoek. Ni dai ga ni.

Dila ya sake kashe mini 'yan tumaki. Bindigar nan mai ɗura kanta da ka saya mini tana da kyau, amma duk harbi sai ta shuri kafaɗata. Jiya na kasa ɗaga kofin shayi. An ce akwai wani ƙarfe mai huji a gefe da ake murɗawa a bakinta, yana rage shurin. Ka aiko mini da shi. Maganar in bar gona in dawo gidanka kuma, na ji ta, kada ka sake ta. Muddin ina iya tsare garkena, a nan zan zauna.

Mahaifinka,
Traugott Swartbooi

*

Windhoek

Baba,

Muna gaishe ka sosai. Na je shagon bindigogi. Mai shagon ya ce mai hujin yana rage shuri, amma ƙararsa tana fita ta gefe, sai an toshe kunne. Ya ce wani ƙarfen da ake kira salansa ya fi dacewa da kai: yana rage ƙara, yana rage shurin ma. Da na faɗa masa shekarunka ya yi dariya, ya ce, "Tsohon naka dila yake so ya kashe ko kunnensa?" Ka bari in sayi salansan.

Ɗanka,
Eliaser

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Ka gaya wa mai dariyar nan ina harbi tun kafin uwarsa ta yi haƙori. Salansa kayan ɓarayin namun daji ne. Mutumin kirki ba ya ɓoye harbinsa. Ka manta yadda muke a nan? Idan na yi harbi da safe, maƙwabciyata Rosina tana ji daga gonarta, ta san ina raye, ta kora tumakinta wani gefen. Ranar da ba ta ji ba, takan tako ta duba ni. Kana so in rufe wa bindiga baki, in mutu a ɗaki ba wanda ya sani? Kunne kuma ba na toshewa. Ɗan abin da ya rage mini na ji, da shi nake aiki, sauran kuwa karyata Lappie ke ji mini. Ka aiko da abin da na ce.

Mahaifinka

*

Eliaser,

Ina gaishe ku, ko da yake raina a ɓace yake. Ƙarfen ya iso, na ɗaura. Da hantsi Lappie ta ɗaga kunne, na bi inda take kallo, ga dila a bakin rafin da ya ƙafe. Tana zaune a gefen hagu na bakin bindiga, inda ta saba zama tun tana ƙarama. Na harba. Kafaɗata ba ta ji komai ba, dilan ya faɗi. Lappie kuwa ta yi wani kuka, ta ruga ƙarƙashin tankin ruwa, ba ta fito ba sai yamma.

Yanzu ina kiranta ba ta juyowa. Na buga kwanon abincinta a bayanta, ko motsi ba ta yi ba. Rosina ta zo da gudu, ta ce, "Kawu, na zaci tukunyar gas ce ta fashe da kai." Me ya sa ba ka faɗa mini a fili cewa abin zai kurmanta kare ba? Kunnena kawai kuka yi ta magana a kai, kai da mai shagonka.

Mahaifinka

*

Baba,

Ka yi haƙuri. Ban san a gefen bakin bindiga Lappie take zama ba, da na faɗa. Na sa salansan a motar da ke zuwa Keetmanshoop, garin da ke kusa da ku. Ka gwada. Ɗakin baya da muka ware maka yana nan a share, ban ce komai ba.

Eliaser

*

Ɗana,

Gaisuwa. Salansan ya zo. Nauyinsa duk a gaba yake, bakin bindiga sai rinjayata yake yi. Na harba na kuskure. Shekaranjiya dila ya shiga garke da rana tsaka, ni da Lappie muna zaune a inuwa, ba wanda ya ji a cikinmu. Sai da ungulu suka sauka na gane.

Na bar wa Rosina tumakin. Ka zo ka ɗauke ni ranar Asabar. Ka gaya wa matarka karyar a ɗakina za ta riƙa kwana, domin ba za ta ji motocin titinku ba. Idan matarka ba ta yarda ba, kada ka ɓata man motarka.

Allah ya tsare hanya.

Mahaifinka,
Traugott