Jita Ɗaya Cikin Biyar

Daren Laraba, watan Sha'aban, unguwar Sharafiyya

Barci ya ƙi zuwa. Jibi za mu koma ɗaki ɗaya a unguwar Nuzla, kuma jitocin bes na Baban Yasir guda biyar, masu kaurin sautin nan, ba za su shiga ba. Tun yana da ƙarfinsa yake tsinto su a haraj, kasuwar gwanjo, duk lokacin da wani baƙo zai bar ƙasar. Na sha yi masa mita a kansu. Yau ga ni ina goge su da mayafina.

Da la'asar Yasir ya kawo wani ɗan Filifin mai saye. Ya duba huɗu ya yaba. Da ya zo kan ta biyar, jar nan, wadda fentinta ya goge inda Baban Yasir ke ɗora babban yatsa, sai ya tura ta gefe.

Yasir ya ce, "Khalas, shi ke nan ya Umma, in ɗaya za ki riƙe, ki riƙe baƙar cikinsu, ta fi daraja."

Na ce ya bari sai gobe.

Marigayin bai taɓa haɗa su da lasifika ba, saboda maƙwabta. Kan jitar yake jinginawa da kabad ɗin kayanmu, katakon ya ɗauki sautin, ni kuma ina ji daga kicin.

Ɗazu na jingina jar yadda yake yi, na ja tsirkiya mai kaurin. Kabad ɗin ya amsa. Kafin in ankara, har na ce, "Abincinka na nan a rufe."

Ita zan riƙe.