Tiren Maganin Inna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙarfin jikin Inna? Ni dai ga ni nan, ana ta fama, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Direban da ya kawo miki takardar nan zai ba ki kwali. Tire uku ne a ciki, masu juyawa, irin waɗanda nake kafa wa mutane a lungun kabad. Da kin taɓa shi da yatsa, abin da ke baya zai zo gabanki, ba sai kin zura hannu har kafaɗa kina lalube ba. Ɗaya ki jera gishiri da kayan ƙamshi, ɗaya ki sa wa sabulu. Ƙaramin na Inna ne. Ki kwashe kwalaben maganin da ta jera a bakin taga ki ɗora a kai, ta huta da miƙa.

Na ji Babban Yaya ya ce wai shekara shida Inna ba ta ga ɗanta ba sai kwalayensa. Bai yi ƙarya ba. Amma shi ma ya zo ya wuni a durƙushe a kicin ɗin wasu, matar gida na nuna masa wuri da ƙafa, sannan mu yi magana.

Ki gaishe da kowa.
Yayanki,
Dogo

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Inna ta kwana, yaya kumburin goshin?

Sau uku na karanta takardarki a bakin aiki, har maigidana ya tambaya ko rasuwa aka yi. Ashe idon Inna ya tafi tun bara, kuka ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Ashe da hannu take gane maganinta: na farko daga hagu na safe, na ƙarshe na barci. Ni kuma daga nan, da wayona, na aiko da abin da ba shi da hagu ba shi da dama. Wani jikanta ya wuce ya juya shi, ta sha na barci da hantsi, ta faɗi a ƙofar banɗaki.

Na so in yi fushi da ku, na rasa ta inda zan fara. Ke kika kwashe, amma ni na ce ki kwashe. Ina iya gaya miki faɗin kabad ɗin mutum ɗari a garin nan, ban san uwata ba ta ganin tafin hannunta ba.

Yanzu Babban Yaya ya ce za ta koma gidansa. Na san don Allah yake yi, matarsa ma ba ta da mugun hali. Sai dai ɗakin nan Inna ta haddace shi, taku nawa zuwa ƙofa, taku nawa zuwa buta. A can, ko ruwa sai ta kira wani. Kin san ta, gara ta kwana da ƙishi. Ki roƙe shi ya dakata, ki ɗauke tiren yau ɗin nan.

Yayanki,
Dogo

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, Allah ya saka miki da wahalar da kike sha.

To, na ji. Inna ta rungume tire ta ce ba mai taɓa shi, ɗanta ne ya aiko. Babban Yaya kuma ya ce muddin abin nan na juyawa, ranar Asabar zai zo da mota ya ɗauke ta. Gaskiyarsa ce.

Na nemi hutu, an ce sai bayan wata huɗu. Saboda haka ga abin da za ki yi. Ki bari sai ta shiga wanka. Ki kifa tiren, za ki ga rami a gindinsa. Ki ɗaura masa sukurun da na naɗo a cikin takardar nan har ya ƙi motsi. Sannan ki bar ta ta jera kwalabenta da hannunta, ko da kin ga jerin bai yi miki kyau ba. Ki kira Yaya ya gwada da kansa kafin Asabar.

In ta tambaya, kada ki ce ni na sa. Ki ce mata lalacewa ya yi. Za ta yi mini faɗan sayen kayan banza, ki bar ta ta yi, a ɗakinta.

Yayanki,
Dogo