Shanu Sun Dawo Filin Jirgi, Baba

Baba,

Gaisuwa da fatan rahamar Allah a gare ka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma sai ka kai wa Malam Lamidi akawu ya karanta maka, ni kuwa da kunya ta kashe ni.

Inna lafiya, sai dai tari. Ƙanena Sani ya gaji kekenka, ƙafarsa ba ta kai ba, a tsaye yake tuƙawa.

Filin ne ba lafiya. Ciyawa ta kai gwiwa a gefen da kake sa a yanke, shanu kuma sun gane ba ka nan. Wanda aka ba aikinka ba ya zagayawa da ƙararrawa kafin jirgi ya sauka, daga bakin rumfa yake daka musu tsawa. To jirgin ma ina yake? Sai mako ya kusa ƙarewa ba mu ji ƙararsa ba. Malam Lamidi ya ce sababbin jiragen sun yi wa filinmu girma, Kano suke wucewa. Wasu na cewa za a ƙara masa tsawo, wasu na cewa za a kai shi can bayan Bukur, a yanka wannan a yi gidaje. Ba wanda ya sani. Ina tuna kana ba Sani labarin yadda kuka share wurin da fartanya, da lokacin yaƙi da jirage ke sauka har ku rasa lokacin cin abinci. Ina bayan ƙofa ina ji. Ka san ina ji, ko?

Ni ce ta fari, don haka ba ka kiran sunana, ba ka zama inda nake. Ban ji haushi ba, haka ake yi. Amma littattafan da matan Turawan unguwar Rayfield ke mantawa a ɗakin jira, wa ke ajiye mini su a kan taga? Kullum an cire bangon. Na daɗe ina zaton haka suke zuwa, sai ranar da na ga kana jefa wani bango a murhu, mai hoton mace da namiji sun riƙe hannu. Ashe ka san na soyayya ne, kake rufa mini asiri wurin Inna. A cikinsu kowa yana faɗin abin da ke ransa, ko da a shafin ƙarshe ne. Ni ko na gode ban ce maka ba. Na yi ta jira in girma tukuna.

Ga labarin da nake ta kewayewa. An ce mu tashi daga gidan ma'aikata. Kawu Isa zai zo da mota ran Asabar ya kai mu Bauci. Na yi ƙarfin hali na roƙi Inna ta bar ni wurin Iya Sikira mai atamfa a unguwar Ali Kazaure, in gama makaranta. Iya ta yarda, har ta ce zan riƙa taya ta awo. Inna ta ce budurwa ba ta zama a hannun maƙwabta alhali danginta na nan.

Ba makarantar ce kaɗai ba, Baba. Ban san inda kabarinka yake ba, maza ne suka kai ka. Idan ina son gaishe ka, bakin wayar filin nake zuwa in tsaya, in yi maka addu'a. A Bauci ina zan tsaya? In kuma na dawo wata rana na tarar da gidajen mutane a wurin, ƙofar wa zan tsaya in ce nan babana yake?

Gobe zan je na ƙarshe. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

'Yarka,
Maryamu